Labarin zuciya, kada a tambayi fuskar amarya

"Wannan kakanta ne?" Tambayar da Gwaggo ta fara yi mini ke nan da na miƙa mata waya da wani zane a kai. Ta kai ta kusa da ido, ta janye, ta sake matsowa da ita. Na ce a'a, mijinta ne, aure ake ɗaura musu a coci. Ta ce, "Innalillahi! Wane marar imani ya yi wa yarinya wannan aiki?" Na ce, "To Gwaggo, ai hoton da nake shirin ɗorawa a kan bayanin irin aurenki ke nan." Ta ajiye wayar a tabarma kamar wadda ta taɓa garwashi. "Aurena? Kai ɗan nan, ka kiyaye ni. Shekara huɗu rak Malam ya ba ni."

Ni malamin makaranta ne a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma in dare ya yi, in an dawo da wuta, nakan ɗan taɓa rubutu a Wikipedia ta Hausa. Na kwashe kusan mako biyu ina fama da maƙala a kan auren haɗi, wato auren da iyaye ko dangi suke zaɓa wa 'ya'yansu abokin zama. Rubutun bai ba ni wahala ba. Hoto ɗaya da za a sa a samanta shi ya hana ni barci, har abokaina suka fara yi mini dariya, wai an gama ginin gida ana rigima a kan labule.

Ba labule ba ne, ƙofa ce. Duk wanda na sani da waya yake karatu, kuma a fuskar waya hoton nan yana cikin abin da ido zai fara sauka a kai. Ɗalibata da aka ba aikin gida, ko wani ɗan jami'a a Ngaundere da ke neman abin da zai faɗa a gaban aji, ba lallai su kai sakin layi na uku ba, amma hoton sun gan shi, kuma gani ya kori ji. Ƙa'idar Wikipedia ita ce marubuci kada ya ɗauki ɓangare. Mukan kiyaye wannan a kalmomi, mu auna kowace jimla kamar mai auna zinariya, sannan mu ɗauko hoto mu manna ba tare da mun lura cewa shi ya riga ya yanke hukuncin da muka ƙi yankewa ba.

Zanen da na nuna wa Gwaggo na wani Barashe ne, Vasili Pukirev, ya yi shi a 1862, yana rataye yanzu a gidan zane na Tretyakov a Mosko. Sunansa ma yana nufin auren da ba a yi daidai ba. Yarinya ce cikin farar riga, idonta a ƙasa, kyandir ya karkace a hannunta, ta miƙa wa limamin coci yatsa zai sa mata zobe. A gefenta tsoho ne tukuf da lambar girma a ƙirji, yana kallonta ta wutsiyar ido. A can ƙarshe wani saurayi ya harɗe hannuwa, ransa a ɓace. Zane ne mai kyau ƙwarai, kuma tunda mai shi ya daɗe da mutuwa babu batun haƙƙin mallaka, kowa yana iya ɗauka. Shi ya sa da zarar ka shiga Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗebo hotuna, kana neman abin da ya shafi irin wannan aure, ba ka daɗewa sai ka ci karo da shi.

Amma Pukirev ƙara ya shigar, ba bayani ya yi ba. Wurin zanensa maƙalar auren dole, kuma a can ba ni da ja. In na ɗora shi a kan auren haɗi, na ce wa mai karatu tun kafin ya karanta harafi ɗaya cewa duk auren da iyaye suka haɗa haka yake, tsoho da yarinya da hawaye. Na yanke wa zaman Gwaggo na shekara arba'in da ɗoriya hukunci, na haɗa da na iyayena, da na rabin gidajen unguwarmu.

Ai abin da ke ƙarƙashin wannan suna guda yana da yawa. Akwai auren zumunci, a haɗa ka da 'yar kawunka ko 'yar gwaggonka wadda kuka tashi kuna faɗa a tsakar gida ɗaya. Akwai na abokan fatauci, mutum biyu da suka shekara ashirin suna bin hanyar Garwa zuwa Yola ko Mubi, ɗaya ya ce wa ɗaya, "Alhaji, mu ƙulla zumuncin nan da 'ya'ya mana." Akwai auren sadaka, malami ya ɗauki 'yarsa ya ba almajirinsa da ya yaba da hankalinsa. Akwai kuma na yanzu, wanda uwaye biyu za su haɗu a gidan suna su yi musayar lambar waya, yaran su yi wata shida suna zance a WhatsApp, in ya yi ya yi, in bai yi ba kowa ya kama gabansa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Wane hoto ne guda zai ɗauke waɗannan duka?

Akwai wani zanen da ya fi kusa, na William Hogarth na Ingila, wajen 1743, na farko cikin jerin guda shida, yana babban gidan zane na ƙasa a Landan. Shi ya gane inda gizo ke saƙar. Ya zana iyaye maza biyu a tebur, ɗaya basarake da aljihu ya ƙone yana nuna takardar salsalar gidansu, ɗaya attajiri da takardar yarjejeniya a hannu, kuɗi zube a tsakaninsu. Ango ya juya yana kallon kansa a madubi, amarya tana wasa da zobe a jikin hankici, a ƙasa kuma karnuka biyu ɗaure da sarƙa ɗaya. Karnukan nan su suka kashe maganar. Shaguɓe ne, kuma shaguɓe a kan masu sarautar wata ƙasa a wani zamani. Ban da haka, yaron da ke Kusiri ko Njamena ya buɗe maƙala da Hausa a kan abin da ake yi a gidansu, ya tarar da Turawa da gashin aro a ka, me zai ɗauka? Sauran abin da na samu kuma yawanci bikin Indiya ne, jan sari da furanni. Da kyau, amma ba wanda ya gaya mini ko waɗannan ma'auratan haɗa su aka yi ko su suka ga juna.

Da na kai wa wani abokina ƙorafi, malami ne shi ma, a Marwa yake koyarwa, sai ya ce, "Malam, kai dai faɗi gaskiya, so kake ka wanke al'ada. Nemo hoton ango da amarya suna murmushi ka huta." Gatse ya yi mini, amma na san mutane da yawa da za su ba ni wannan shawara da zuciya ɗaya, wai don a nuna wa duniya cewa mu ba dabbobi ba ne. To wannan ma ƙarya ce, ta ɗaya gefen. Ina aji uku a sakandare aka cire yarinyar da ta fi mu duka lissafi. Ranar Juma'a tana aji, ranar Litinin kujerarta babu kowa, kafin wata ya ƙare mun ji guɗa. Ba wanda ya ce auren dole ne. A gidansu cewa aka yi an haɗa ta da ɗan'uwanta. Ba zan sa hoton murmushi a kan kalmar da aka rufe bakinta da ita ba.

A takarda iyakar a fili take. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 356, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tara daga sefa 25,000 zuwa miliyan ɗaya ga wanda ya tilasta wa wani aure, kuma hukuncin ya hau kan wanda ya aurar da yaro ko yarinyar da ba su kai 18 ba, duk da cewa tsohuwar dokar 1981 ta bar shekarun mace a 15. Chadi ta tsayar da 18 tun 2015. A addini ma mun san hadisin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Mun san budurwa ana neman izininta, kuma shirunta shi ne izininta. Mun kuma san abin da littattafan Malikiyya da muka karanta a zaure suka ce a kan ijbari, damar da uba yake da ita a kan 'yarsa budurwa, da yadda malamai suke ta kai-kawo a kan iyakarta. A cikin gida ne iyakar take dushewa. Yarinyar da aka raina a kan cewa ba a ɗaga ido a kalli uba, balle a ce masa a'a, in ta yi shiru, shirun kunya ne ko na tsoro? Mata irin su Aissa Doumara, wadda aka aurar tana ƙaramar yarinya, ta kuma kwashe shekaru tana gwagwarmayar kare mata daga auren dole a Marwa har ta karɓi kyautar Simone Veil ta farko a Faransa a 2019, a kan wannan shirun suke aiki. Maƙwabtanmu Fulani suna cewa munyal, mu muna cewa haƙuri, kuma kalma ce da ake cusa wa amarya a kunne fiye da kowace.

Na tambayi Gwaggo a daren nan, "Ke an tambaye ki?" Ta ce, "An tambaye ni mana. Inna ce ta shigo ta ce Baba ya ba da ni ga ɗan Malam na bayan masallaci." Na ce, "Me kika ce?" Ta ce, "Me zan ce? Na rufe fuska." Na ce, "Kina son sa?" Ta ɗauki mafici ta yi ta fifita, can ta ce, "Na taɓa ganinsa a bakin rijiya." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Har yau ban san me wannan amsa take nufi ba, kuma ni na tashi a gabanta. To in ni ban sani ba, na'urar ɗaukar hoto ce za ta sani?

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A ko'ina na yarda da wannan karin magana ban da gidan biki. Amaryarmu kuka take yi, ko wace iri ce. Ƙanwata ta yi shekara biyar tana yaƙi a kan saurayinta, don Baba ya ce ba zai ba direban babbar mota 'yarsa ba. Ta ƙi abinci, ta rame, ta tura kawunanmu ɗaya bayan ɗaya, har Baba ya gaji ya ce a je a yi. Daren da za a kai ta, da aka shigar da ita ɗakin Baba don nasiha, lulluɓe da mayafi, lalle ya yi baƙi wuluk a ƙafa, sai ta ƙanƙame ƙafar Inna tana rusa kuka kamar ana zare mata rai. Sai da mata uku suka ɓamɓare ta. Ana tura ta cikin mota tana shessheƙa, ƙawayenta suna taya ta, tsofaffi suna guɗa. Wani yaro ya ɗauki hoton da waya. In na sa wannan hoto a gaban Bature, ko ma Bakamaren kudu da bai san mu ba, na ce ga auren dole, wallahi ba zai yi musu ba. Ita kuwa yarinyar ajinmu, na ga hoton bikinta daga baya a gidan wata ƙawarta. An yi mata kwalliya, mai hoto ya ce ta yi murmushi, ta yi.

Amaryar da ba ta yi kuka ba ai ita ake zunɗe, a ce ba ta da kunya, ta ƙosa. Saboda haka hawaye ba shaida ba ne, murmushi ma ba shaida ba ne. Abin da ya mai da aure na haɗi ba ya faruwa ranar biki. Ya riga ya faru watanni kafin nan, a inda babu mai hoto.

Sai kuma maganar da ta fi damuna, wadda ban yi tunaninta da farko ba. A ce ma na samu hoton amaryar da na tabbata haɗa ta aka yi. Wa ya ba ni izinin sa fuskarta? Hoton da aka ɗora a Commons ana sakinsa ne da lasisin da ya ba kowa a duniya damar ɗauka, ya sake bugawa, ya yi kasuwanci da shi ma in ya so, kuma lasisin ba a janye shi. Magana ce zarar bunu. Yau yana kan maƙalata, gobe wata jarida a wata ƙasa ta ɗauke shi ta sa a kan labarin auren ƙananan yara, jibi yana yawo a Facebook da rubutun da ba ni na yi ba. Haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne, shi ya sa mai hoton biki yake ganin yana da ikon yin yadda ya so da shi. Amma Commons ɗin kansa yana da ƙa'ida a kan hoton mutumin da za a iya ganewa, musamman in a keɓantaccen wuri aka ɗauka, cewa sai da yardarsa. Ɗakin amarya kuwa babu wurin da ya fi shi keɓanta.

Ka duba abin da rubutun ƙarƙashin hoton zai ce: auren haɗi a Garwa. Wato na sanar da duniya cewa wannan matar ba ita ta zaɓi mijinta ba. Mijin zai gani, dangin miji za su gani, 'ya'yanta in sun girma za su gani. Na ɗauki mace na yanke shawara a kanta ba tare da na tambaye ta ba, don ina ganin na san abin da ya dace, a kan maƙalar da ke bayanin yadda ake yanke shawara a kan mata. Wani ya ce a dusashe fuskar. A unguwar Yelwa ko Fulɓere? Wa yake buƙatar fuska? Da ankon bikin, da labulen ɗakin, da ƙofar gidan za a gane ta kafin la'asar.

Na yi tunanin barin maƙalar haka nan babu hoto. Ba dole ba ne, maƙaloli da yawa ba su da shi. Sai dai Wikipedia gona ce da ba shinge. Gurbin da na bari, wani mai kyakkyawar niyya zai zo ya cike shi, kuma abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne tsohon nan na Pukirev.

Ra'ayina, wanda na tsaya a kai, shi ne a ɗauke na'urar daga kan amarya a juya ta wajen masu haɗawa. Da farko na ce hoton ɗaurin aure: maza a tabarma a ƙofar gida ko a masallaci, waliyyi da wakili suna fuskantar juna, liman a tsakiya, an ƙirga sadaki a gaban shaidu, sanƙira yana ɗaga murya, ana raba goro da alawa. Amarya ba ta wurin, ango ma sau da yawa yana can gefe ko ba ya nan sam. Abokina na Marwa ya rushe mini wannan da jimla ɗaya: "Ai auren ƙanwarka ma haka aka ɗaura shi." Gaskiyarsa. Kowane aure a wurinmu ta hannun waliyyi yake bi, na soyayya da na haɗi. Kuma tabarmar maza tana ɓoye wani abu, don duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san yawancin haɗin nan a ɗakin mata ake ƙulla shi. Gwaggo da kanta ta haɗa aure ya fi goma daga kan gadonta, maza sai dai a kira su su sa albarka su ɗauka su suka yi.

Duk da haka ban sauka daga kan tabarmar ba, na dai ja da baya zuwa ranar da manyan gida ɗaya suke zuwa wa manyan ɗaya gidan da goron tambaya. Hoton ba zai tabbatar da cewa wannan auren na haɗi ne ba, kuma ba zan ce ya tabbatar ba. Rubutun ƙasansa zai faɗi abin da ido ya gani kawai: wakilan iyalai biyu suna maganar aure a arewacin Kamaru. Bai ce an yi zalunci ba, bai ce an yi gata ba. Abin da ya nuna shi ne aure a matsayin magana tsakanin gida da gida, kuma jigon maƙalar ke nan. In mai karatu ya duba ya ce, to ina yarinyar, ina yaron, an tambaye su kuwa, to hoton ya yi aikinsa, sai ya gangara ƙasa ya karanta inda na yi bayanin izini da shiru da ijbari da sashe na 356. Zanen Pukirev da na Hogarth ban kore su ba. Suna iya zama can ƙasa, a sashen da ke maganar yadda masu zane na Turai suka soki irin wannan aure a ƙasashensu, da sunan mai zane da shekara, don mai karatu ya san ra'ayin wani yake kallo.

Irin wannan hoto babu shi a rumbun, ko kuma ni ban same shi ba, kuma laifinmu ne. Tun 2014 ake gasar Wiki Loves Africa don a samu hotunan nahiyar nan daga hannun 'ya'yanta, amma mu wayoyinmu cike suke da hotunan biki da ba su wuce rukunin dangi. Don haka da aka zo neman auren 'yar maƙwabcinmu, na shiga na gaida Kawu, wanda shi ne mai karɓar baƙin, na yi masa bayani tun daga farko, har da cewa in ya shiga ba ya fitowa. Ya ce, "Malam, fuskokinmu za ka kai wa Turawa?" Na ce a'a Kawu, hannuwa kawai, kuma ba Turawa kaɗai ba, har jikokinka. Ya tambayi baƙin, suka yi dariya suka ce bismillah. Na durƙusa a bakin zaure na ɗauka daga ƙasa: tabarma, gwiwoyi cikin shadda, hannun wani dattijo da carbi a wuyan hannu yana tura ƙwaryar goro, wani hannun yana karɓa, takalma jere a bakin ƙofa.

Kafin in ɗora na kai wa Gwaggo. Ta kai wayar kusa da ido, ta janye, ta sa yatsa biyu ta buɗe hoton yadda jikokinta suka koya mata. Ta daɗe tana kallo. Na ce, "Yaya, wannan ya yi kama da naki?" Ta ce, "Ya yi. Amma kada ka sa shi." Gabana ya faɗi, na ce saboda me. Ta ce, "Dubi goron nan. Duniya za ta gani a ce mutanen Garwa da goro ashirin suke zuwa neman aure? Ka jira na 'yar gidan Alhaji, bayan Sallah."